Lambar P04.1 da Harshen Mai Jego: Darasi Daga Ƙauyukan Hausawan Jazira

Gabatarwa

A cikin kundin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada domin rarraba cututtuka, wanda aka fi sani da ICD, akwai wata lamba mai harafi ɗaya da alƙaluma uku, wato P04.1. Ma'anarta ita ce ɗan tayi ko jaririn da wani magani da mahaifiyarsa ta yi amfani da shi ya shafa. Ma'aikacin ɗakin ajiye bayanai ne yake rubuta ta, bayan likita ya gama nasa rubutun. Daga nan sai ta shiga ƙididdigar asibiti, ta wuce ta jiha, ta isa ta ƙasa.

Mai karatu zai iya cewa wannan ba hurumin ɗalibin Hausa ba ne. Amma kafin a rubuta lambar sai an yi tambaya, kafin a sami amsa kuma sai an fahimci juna. Idan mai jego tana tunani da Hausa, ungozoma ta tambaye ta da Larabci, likita ya rubuta da Ingilishi, to maganar ta ratsa harsuna uku kafin ta zama lamba. Ra'ayin wannan rubutu shi ne, ingancin lambar ya dogara ga ingancin tambayar da ta haife ta, kuma gyaran wannan tambaya aiki ne da masana harshe suke da kaso a ciki. Ƙauyukan Hausawa da ke Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan sun isa misali a kan haka.

Yadda Kundin Ya Rarraba Lamarin

Tushen kundin ya koma ga jerin dalilan mutuwa da Bafaranshen nan Jacques Bertillon ya tsara, aka amince da shi a 1893. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948. Bugu na goma ya sami amincewa a 1990, na goma sha ɗaya kuma a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Har yanzu ƙasashe da yawa da bugu na goma suke aiki, saboda haka lambobinsa za a kawo a nan.

Rukunin P04 ya ƙunshi abubuwan cutarwa da kan isa ga jariri ta mabiyiya ko ta ruwan nono. P04.0 ta shafi maganin sa barci da na kashe zafi da aka ba uwa lokacin ciki ko naƙuda. P04.1 ta sauran magunguna ce. P04.2 ta taba ce, P04.3 ta giya, P04.4 ta ƙwayoyin maye. P04.6 ta sinadaran muhalli ce, kuma tana da muhimmanci a yanki irin Jazira, inda aka daɗe ana feshin maganin ƙwari a gonakin auduga. Ta ƙarshe, P04.9, ita ce ta abin cutarwar da ba a fayyace ba.

Akwai wasu lambobi a wajen wannan rukuni. Idan jariri ya saba da ƙwayar maye tun yana ciki, ya fito yana kukan da ba ya lallasuwa da karkarwa saboda yankewarta, lambarsa P96.1. Idan shawara ta kama shi saboda wani magani ko guba da ya samu daga uwa, P58.4 ce. Idan kuwa maganin ya taɓa halittarsa, sai a koma rukunin Q86: Q86.1 ga maganin farfaɗiya na fenitoyin, Q86.2 ga wafarin, wato maganin tsinka jini.

Kundin ya gindaya wani sharaɗi da ya kamata a riƙe. Ba a amfani da lambobin P00 zuwa P04 sai an bayyana cewa abin da ya shafi uwa shi ne sanadin ciwo ko mutuwar jaririn. Shan magani daban, shafar jariri daban. Duk muhawarar da ke tafe a kan wannan bambanci ta ginu.

Amfanin Rubutawa

Tarihin maganin talidomaid ya nuna abin da rashin rubutu yake jawowa. An fara sayar da shi a Jamus ta Yamma a 1957, masu juna biyu suka riƙa shan sa saboda laulayi da rashin barci. Sai a ƙarshen 1961 likitoci biyu, Widukind Lenz a Jamus da William McBride a Ostareliya, suka danganta shi da haihuwar yara masu guntayen gaɓoɓi. Kafin a janye shi, yara fiye da 10,000 sun sami naƙasa. Kowane asibiti ya ga ɗaya ko biyu, ya ɗauka ƙaddara ce ta gida guda, domin babu inda aka tara labaran wuri ɗaya. Wannan masifa ce ta sa aka kafa shirin sa ido kan illolin magunguna na duniya a 1968.

Rubutu kuma yana wanke magani daga zargi. A Botsuwana, binciken Tsepamo ya riƙa duba jarirai a ɗakunan haihuwa yana rubuta abin da iyayensu mata suka sha. A 2018 ya ba da rahoton jarirai 4 masu tawayar lakar gadon baya ko ta ƙwaƙwalwa daga cikin 426 da aka ɗauki cikinsu uwa tana shan dolutegirabir, maganin cutar ƙanjamau. Hankalin duniya ya tashi. Da aka ci gaba da ƙirga, adadin ya yi ta raguwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da maganin ga mata masu shekarun haihuwa a 2019. Ungozomomin Afirka ne suka cika takardun da aka yi wannan hukunci da su.

Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Hanyar aikin hajji ta ƙasa ce ta fara kai Hausawa Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun noman Jazira, sai buƙatar ma'aikata ta jawo ƙarin Hausawa da Fulani da Barebari. Wasu suka zauna a unguwannin Wad Madani, wasu a ƙauyuka da sansanonin ma'aikatan gona, wasu suka gangara kudu zuwa Sinja da Rusairis da Damazin.

Yawancin waɗannan al'ummomi suna jin Larabcin Sudan. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Kartum ya wallafa littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci. Sai dai jin harshe biyu ba ya nufin kowanne yana aiki a kowane fage. Mace za ta yi ciniki da Larabci a kasuwa, amma abin da kakarta ta jiƙa mata a ƙoƙo, da Hausa aka ba ta shi, da Hausa kuma take tuna shi.

Magungunan da mai ciki take haɗuwa da su a wannan yanki ba kaɗan ba ne. Jazira ƙasar ban ruwa ce, zazzaɓin cizon sauro ya yi mata katutu, don haka maganinsa ba ya yankewa. Akwai masu farfaɗiya da ke shan fenitoyin ko balfurowet, wanda aka tabbatar yana ƙara haɗarin tawayar lakar gadon baya. Akwai matan da ciwon zuciya ya sa aka dasa musu ƙyauren ƙarfe, irin aikin da cibiyar Salam ta Kartum ta fara yi a 2007, waɗanda dole su sha wafarin tsawon rayuwa. Akwai allurar fetidin ta kashe zafin naƙuda, wadda kan sa jariri ya yi jinkirin numfashi, da magniziyam salfet da ake yi wa mai jijjiga, wanda kan sa a haifi jariri jikinsa a sake. Ga kuma abin da ake saya a kanti ba tare da takardar likita ba.

Inda Tambaya Take Ɓacewa

A ƙaddara an kawo jariri ɗan kwana biyu yana barcin da ya wuce kima, ba ya kama nono. An tambayi uwarsa da Larabci ko ta sha dawa, ta ce a'a. An maimaita da Hausa, "Kin sha magani?", ta sake cewa a'a. Ba ƙarya ta yi ba. Tambayar ce ta yi ƙunci ta fuskoki huɗu.

Fuska ta farko ita ce aikatau. Kalmar "sha" tana da faɗi, ana shan ruwa, ana shan ƙwaya, ana shan taba. Duk da haka ba ta rufe dukkan hanyoyin da magani yake shiga jiki ba. Bahaushiya tana shafawa, tana ɗigawa, tana shaƙawa, tana lasa, tana turarawa, tana surace, tana matsi, tana zama cikin ruwan magani. Ana yi mata allura, ana yi mata ƙarin ruwa. Wadda aka yi wa allura uku a shagon unguwa za ta amsa da gaskiyarta cewa ba ta sha komai ba, domin allura ba a shan ta. A Sudan kuma akwai duhan, turaren hayaƙin itacen ɗalhi da matan aure suke yi, wanda ba mai kiran sa magani.

Fuska ta biyu ita ce suna. Kalmar "magani" a wani wuri ta fi abin da likita yake nufi faɗi, domin laya magani ce, rubutun sha ma magani ne, wanda mutanen Sudan suke kira mihaya. A wani wurin kuma ta fi shi ƙunci. Kunun kanwa abinci ne a idon mai jego, hulba shayi ce, jiƙon bagaruwa kuwa abin gida ne kawai. Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da kan kama mata bayan haihuwa. Wannan misali ne a kan uwa, amma darasinsa ya shafi jariri: abin da al'ada ta sa a sahun abinci yana iya yin aikin magani a jiki. Haka nan jiƙe-jiƙen da ake ba mai tsohon ciki domin zubar da zaƙi, wanda ake ganin yana wahalar da naƙuda. Mace ba za ta ambace su ba sai an kira zaƙi da sunansa.

Fuska ta uku ita ce yadda ake gane maganin asibiti. Nina Etkin da Paul Ross da Ibrahim Mu'azzamu sun wallafa bincike a 1990 a kan wani ƙauye na ƙasar Kano, inda suka nuna cewa mutane suna fahimtar magungunan Bature ta launi da ɗanɗano da siffa, kamar yadda suke fahimtar saiwa da sassaƙe. Shi ya sa ake jin sunaye irin su "ja da yalo". Sunan da ke jikin kwali ba shi ne sunan da ke bakin mai sha ba. Wanda ya nemi sunan kwali zai tashi hannu rabbana, wanda ya tambayi launi da girma da wurin saye da abin da aka sha shi dominsa zai kusanci amsa.

Fuska ta huɗu ita ce kunya. Cikin fari ba abin da yarinya take buɗe baki a kansa ba ne, balle a gaban suruka ko namiji baƙo. Wadda al'ada ta hana ta kiran sunan ɗanta na fari ba za ta zayyana abin da ta yi matsi da shi a bainar jama'a ba. Sau da yawa ma ba ita ta san abin da ke cikin jiƙon ba, uwarta ko gwaggonta ce ta haɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan lamari mai ɗakin tsohuwa ce da aka bari a bakin ƙofa.

Idan aka haɗa waɗannan, tambaya ɗaya za ta koma huɗu ko biyar. Ungozoma ta keɓe yarinya ta ce, "'Yata, tun da kika sami cikin nan, akwai ƙwayar da kika haɗiya, ko ta ciwon kai ce? An yi miki allura ko ƙarin ruwa? Akwai abin da aka jiƙa miki ko aka turara miki?" Sannan ta juya ga tsohuwa ta ce, "Inna, ku ne kuka san abin da aka ba ta na zaƙi, a taimaka mana da sunan icen." Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wanda zai tambaya da kalmar da zai yi tambayar da ita.

Ginin Jimla da Ɗora Laifi

Nahawu ma yana da ta cewa. Jimlar "jariri ya yi shawara bayan uwa ta sha magani" ta nuna jerin lokaci kawai. Jimlar "jariri ya yi shawara saboda uwa ta sha magani" ta yanke hukunci a kan sanadi. Tafintan da ya musanya "bayan" da "saboda" ya mayar da zato tabbas, kuma sharaɗin kundin da aka ambata a baya ya rushe a hannunsa. Shawarar jarirai tana da dalilai da dama da ba su shafi magani ba, kamar saɓanin rukunin jini tsakanin uwa da ɗa, ko haihuwar bakwaini.

Haka kuma zaɓin wanda za a sa a gurbin mai aikatawa. "Jaririn da magani ya shafa" ta ɗora aikin a kan magani. "Jaririn da uwarsa ta cutar da shi da magani" ta ɗora shi a kan uwa. Ta farko ce ta dace da manufar kundin, domin lambar tana bayyana halin jariri ne. Idan fassara ta karkata zuwa ta biyu, illa biyu za su biyo baya. Mata za su riƙa ɓoye abin da suka sha, ƙididdiga ta ƙara lalacewa. Mafi muni, mai farfaɗiya ko mai hawan jini za ta daina maganinta da kanta don tsoron zargi, alhali faɗuwar mai ciki ko zazzaɓin da ba a yi wa magani ba yana iya halaka uwa da ɗa gaba ɗaya. Canza magani ko dakatar da shi hukuncin likita ne.

Hujjojin Masu Ja

Hujja ta farko mai nauyi ce. Yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025. Sinja ma ta sauya hannu a 2024. Asibitoci sun tsaya, ma'aikata sun watse. A irin wannan hali, in ji masu ja, wa yake ta lamba? Gaskiya ne ceton rai yana gaba da cika takarda. Amma lokacin yaƙi ne mata suka fi shan abin da suka samu, daga hannun wanda suka samu, ba awon ciki, ba shawarar likita. Tambayar da ta dace ba ta buƙatar lantarki ko kwamfuta, kuma amfaninta na farko ga jaririn da ke kwance ne, domin ita take nuna wa likita inda zai dosa. Lambar tana iya jira, amsar ce ba ta jira. Kuma lokacin sake gina asibitoci shi ne lokacin gyara takardunsu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujja ta biyu ita ce, haihuwa da yawa a gida ake yin ta, a hannun ungozomar da ba ta san ICD ba. Tarihin Sudan da kansa ya ba da amsa. Makarantar ungozomomi ta Umdurman, wadda Mabel Wolff ta buɗe a 1921, ta horar da matan da ba su iya karatu ba, ta koya musu gane magunguna ta gani da ƙanshi da ɗanɗano. Ungozomar ƙauye ba sai ta san P04.1 ba. Abin da ake buƙata daga gare ta shi ne ta tambaya da kyau, ta aika da amsar tare da jariri, ko da kwalin maganin ne ko guntun saiwar a ƙulle cikin tsumma.

Hujja ta uku ta fi taɓa zuciya. Hausawan Sudan sun daɗe suna fama da masu kallonsu a matsayin baƙi, kuma rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, wanda ya ci rayuka fiye da ɗari, bai gushe daga zukata ba. Ana iya jin tsoron kada rubuta "jiƙe-jiƙen Hausawa" a takardun hukuma ya zama sabon abin gori. Tsoron yana da tushe, maganinsa kuwa shi ne a rubuta abin da aka sha, a bar ƙabilar wadda ta sha. Hulba da bagaruwa da kanwa, wadda Larabawan Sudan suke kira aɗrun, ba Hausawa kaɗai suke amfani da su ba. Harshen tambaya hanya ce ta samun amsa, babu dalilin mayar da shi shaidar asali a jikin takarda.

Kammalawa

An fitar da bugu na goma sha ɗaya na kundin da Larabci, kuma ya keɓe babi na 26 ga cututtuka kamar yadda likitancin gargajiya ya fahimce su. Hausa ba ta cikin harsunansa. Fassara kundin gaba ɗaya aiki ne na shekaru, kuma ba shi ne mafi gaggawa ba. Abin da ya fi kusa shi ne ƙaramin jadawali mai shafi biyu ko uku: aikatau na hanyoyin shigar magani jiki, sunayen jiƙe-jiƙen masu ciki da Hausar Kano da ta Sakkwato da ta Sudan tare da takwarorinsu na Larabcin Sudan, sunayen launi da ake kiran ƙwayoyi da su, da jerin tambayoyi cikin lafazin da ba ya kunyata mai jego. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai iya tattara wannan daga bakin ungozomomi da tsofaffi, likita da masanin harhaɗa magunguna su tantance. Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a 1975, ta shahara da tura ɗaliban likitanci ƙauyuka, sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato kuma suna da masu nazarin kalmomi. Idan ɓangarorin biyu suka haɗa hannu, jaririn da aka haifa a Mai Wurno ko Damazin zai sami lambar da ta faɗi gaskiyar halinsa, uwarsa kuma ta ba da amsa ba tare da an tozarta ta ba.